Babi na Shida: Kafson Narkar da Abinci, Wa Yake Yi wa Amfani?

Duk wadda ta taɓa dama kunun zaƙi ta san wani abu da masana suka daɗe suna lalube kafin su ba shi suna. Za ta niƙa gero ko dawa, ta raba ƙullun biyu, ta sheƙa wa kashi ɗaya tafasasshen ruwa har ya yi kauri kamar koko. Idan ya ɗan huce sai ta zuba ɗanyen ƙullun da aka niƙa da busasshen dankalin Hausa ko tsiron hatsi, ta juya, ta rufe, ta tafi ta kwanta. Da safe kaurin nan ya tafi. Kunu ya tsinke, ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Abin da ya yi wannan aiki cikin dare wani sinadari ne da ke cikin dankalin da tsiron, wanda ke yayyanka sitaci ƙanana-ƙanana har ya koma sukari. Irinsa ake kira inzayim, wannan kuwa sunansa amiles. Akwai shi a miyaun bakinka yanzu haka. Ka tauna gurasa ko tuwo ka daɗe ba ka haɗiye ba, za ka ji ɗanɗano ya fara komawa zaƙi-zaƙi.

Na fara da kunu ne don kada mai karatu ya ɗauka inzayim baƙon abu ne da sai a kwalbar kemis ake samunsa. Matan Fulani da ke yin cukun madara da ruwan tumfafiya da shi suke aiki, domin ruwan tumfafiya na ɗauke da wani inzayim mai daskarar da madara. Mai dafuwar da ke naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ita ma haka. Abin da ya zo mana sabo shi ne a zuba inzayim a kafso, a lulluɓe kwalbar da alkawura, a ce kowa na bukatarsa bayan kowane cin abinci.

Kafin mu auna waɗannan alkawura, bari mu ga abin da jiki ke yi da kansa.

Abinci yana barin baki ya gangara tumbi, inda ya tarar da ruwa mai tsananin tsami da wani inzayim mai suna fefsin, wanda ke fara warware furotin na nama da wake da ƙwai. Yadda aka gane aikin tumbi labari ne mai ban mamaki. A shekarar 1822, a tsibirin Makinak na Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta huda cikin wani saurayi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa, ya rayu, amma raunin ya warke ya bar ƙofa da ake iya leƙa tumbinsa ta cikinta. Beaumont ya riƙa ɗaura guntun nama da zare yana zurawa ta ƙofar, yana jawowa bayan awa ɗaya ko biyu ya ga yadda ya narke. Ya yi gwaji sama da 200 a kan bawan Allahn nan, ya buga littafinsa a 1833. Ina jin tausayin St. Martin duk lokacin da na tuna shekarun da ya yi ana zura masa zare a ciki, amma daga gare shi duniya ta tabbatar cewa ruwan tumbi da kansa yake narkar da abinci. Bayan shekara uku, a 1836, Bajamushe Theodor Schwann ya gano fefsin. Wani Bajamushen, Wilhelm Kühne, shi ya gano tirifsin a 1876, shi ne kuma ya raɗa wa dangin duka sunan inzayim.

Babban aikin dai ba a tumbi ake yin sa ba. A bayan tumbi akwai wata 'yar tsoka doguwa, tsawonta kamar santimita 15, likitoci na kiranta fankiriyas. Masu ciwon sukari sun san ta saboda ita ke yin insulin. Aikinta na biyu, wanda ba a cika ambata ba, shi ne kwarara wa ƙaramin hanji ruwa wajen lita ɗaya da rabi kowace rana, ɗauke da amiles na sitaci, tirifsin da 'yan'uwansa na furotin, da lifes na mai da kitse. Ruwan matsarmama yana zuwa ya farfasa man kamar yadda sabulu ke yi wa maiƙon kwano, lifes ya ƙarasa. A jikin bangon ƙaramin hanjin kuma akwai wasu ƙananan ma'aikata, ciki har da laktes, mai narkar da sukarin madara.

Kowane inzayim da nasa aikin, kamar makulli da kwaɗonsa. Laktes ba ya taɓa mai, lifes ba ya taɓa wake. Sannan fankiriyas na yin abin da ya ninka bukata sau da yawa. Wani bincike da likita Eugene DiMagno da abokan aikinsa suka buga a 1973 ya nuna cewa mai ba ya fara fita a bayan gida ba tare da ya narke ba sai lifes ɗin da fankiriyas ke fitarwa ya ragu zuwa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yadda ya saba. Wato mai lafiya yana tafe da rarar da ta ninka abin da yake bukata wajen sau goma. A riƙe wannan lissafin, za mu dawo gare shi.

Akwai mutanen da wannan rarar ta ƙare musu, kuma su ne dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da muhimmanci. Wanda fankiriyas ɗinsa ya daɗe yana kumburi har ya ƙone ya zama tabo, ko saboda giya, ko taba, ko gado, ko toshewar magudanarsa. Wanda kansar fankiriyas ta kama, ko aka yanke masa wani sashe a tiyata. Yaran da aka haifa da cutar nan ta gado mai kaurara majina a huhu da hanji, sistik faiburosis, wadda likita Dorothy Andersen ta bayyana a 1938, ta kuma fi yawa a tsakanin Turawa. Wajen kashi 85 cikin 100 nasu ba sa samun isasshen ruwan fankiriyas. Akwai kuma wani nau'in ciwon fankiriyas na ƙasashe masu zafi da ke kama matasa da ba su taɓa shan giya ba. An fara bayyana shi a Indunusiya a 1959, sannan Yuganda, da jihar Kerala ta Indiya, an kuma gan shi a Najeriya. Matashi ne za ka gani a rame, yana fama da ciwon ciki da ke soka har gadon baya, daga baya ciwon sukari ya biyo.

Alamar wannan rashi ba ta ɓuya ga wanda ya san ta. Mutum yana ci amma yana ramewa. Bayan gidansa mai yawa ne, fari-fari, mai maiƙo, mai mugun wari, yana tasowa saman ruwa, ba ya wankuwa da sauƙi. Tunda mai ba ya shiga jiki, bitamin A da D da E da K ma ba sa shiga, sai ƙashi ya yi rauni, gani ya ragu da dare. A asibiti ana auna wani inzayim mai suna ilastes a cikin bayan gida. Idan ya gaza maikurogiram 200 a kowane giram, likita zai fara zargin fankiriyas.

Ga irin waɗannan mutane, kafson inzayim magani ne na gaske, kamar yadda insulin yake ga mai ciwon sukari. Ana sayar da shi da sunaye irin su Creon da Zenpep da Pancreaze. A cikin kowane kafso akwai ƙananan ƙwayoyi kamar gero, kowace an lulluɓe ta da wata fata da tsamin tumbi ba ya cinyewa, domin lifes yana lalacewa cikin tsami. Sai sun isa ƙaramin hanji suke buɗewa. Shi ya sa ba a tauna su, ba a daka su, ba a kora su da shayi mai zafi. Ana haɗiya tare da loma ta farko, domin su gauraya da abincin su tafi tare. Wanda ya sha awa ɗaya kafin ci, ko bayan ya wanke hannu ya tashi, ya yi asarar mafi yawan amfanin. Babba kan fara da awo 25,000 zuwa 50,000 na lifes a kowane babban ci, da rabin haka idan ɗan taɓa-ka-lashe ne, likita ya riƙa daidaitawa. Wuce gona da iri ma yana da illa: a 1994 likitoci a Birtaniya suka ba da rahoton yara masu sistik faiburosis da babban hanjinsu ya ƙuntace bayan an daɗe ana ba su mai ƙarfi fiye da kima, daga nan aka kafa iyakar awo 10,000 a kowane kilo na nauyin jiki a rana.

Dole in faɗi wani abu da kwalin ke rubutawa da ƙananan haruffa. Waɗannan magungunan daga fankiriyas ɗin alade ake tace su. Musulmi yana da haƙƙin ya san haka kafin ya haɗiya. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncin magani da abin da asalinsa haramun ne, kuma da yawansu sun yi rangwame idan larura ta tabbata, amintaccen likita ya ce babu madadin da zai yi aikin. Wanda fankiriyas ɗinsa ya mutu yana cikin wannan hali, kuma ina roƙonsa kada ya ajiye magani shiru yana ramewa. Ya zauna da likitansa, ya zauna da malaminsa. Shi kuwa mai lafiyar da ya sayi kwalba don cikinsa ya yi nauyi bayan naman Sallah, ya duba jerin abubuwan da aka haɗa. Idan ya ga fankiriyatin, mafi yawa daga alade ne, wani lokaci daga sa, kuma shi ba shi da larurar da zai fake da ita.

Sai madara, inda labarin ya shigo gidanmu kai tsaye. Kusan kowane jariri na zuwa duniya da laktes mai yawa, don nonon uwa. A wajen kashi biyu cikin uku na mutanen duniya, laktes yana raguwa bayan yaye. Idan irin wannan mutum ya sha madara da yawa, sukarinta, wato laktos, sai ya wuce babban hanji bai narke ba, ƙwayoyin halittar da ke zaune can su far masa, sai ƙugin ciki da iska da gudawa. Wannan ba cuta ba ce, haka akasarin 'yan Adam suke. Waɗanda suka fita daban su ne jikokin makiyaya: mutanen arewacin Turai, wasu Larabawa, Masai da Tutsi a gabashin Afirka, Buzaye, da Fulani. A 1971 likita Norman Kretchmer na Amurka tare da Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsu suka buga binciken da suka yi a Najeriya, suka tarar mafi yawan Fulani makiyaya na narkar da laktos har girma, manyan Yarabawa da Ibo kusan duka ba sa iyawa, Hausawa ma akasarinsu ba sa iyawa. Daga baya masana gado suka gano cewa canjin halittar da ya ba Fulani wannan baiwa iri ɗaya ne da na Turawan arewa.

To yaya Bahaushe ya rayu da fura da nono shekaru aru-aru? Saboda nono ya yi tsami kafin ya iso ƙwaryarsa. Ƙwayoyin da ke tsamar da nono sun riga sun cinye wani kaso na laktos, kuma furar na rage saurin wucewarsa cikin hanji. Da yawa daga masu cewa madara ba ta karɓe su ba suna shan kindirmo lafiya lau. Matsalar ta fi fitowa da madarar gari da ake zabgawa a shayi, da askirim. Bincike ya nuna yawancin masu ƙarancin laktes na iya shan kofi ɗaya na madara, wajen giram 12 na laktos, ba tare da wata damuwa mai yawa ba, musamman tare da abinci. Wanda ke son ya wuce haka, ƙwayar laktes irin su Lactaid tana taimaka wa mutane da dama idan aka sha ta da kurɓin farko, kodayake ba kowa take yi wa aiki daidai ba. Daga naman gwari ake samo ta, babu alade a asalinta.

Wake ma na da nasa. Akwai wasu sukari a cikinsa, rafinos da sitakiyos, waɗanda babu ɗan Adam ɗin da ke da inzayim ɗin narkar da su. Shi ne asalin iskar da ke bin wake da shinkafa, ko alala. Wani Ba'amurke, Alan Kligerman, wanda shi ne ya kawo Lactaid, ya fito da Beano a 1990, inzayim ne daga naman gwari da ke farfasa waɗannan sukari. Ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana rage iska. Jiƙa wake a zubar da ruwan kafin a dafa yana rage wani kaso kyauta, kuma wanda ya saba cin wake kullum cikinsa kan daidaita da kansa. Mai ciwon sukari da ke shan akabos ya tambayi likita tukuna, domin aikin su biyun na cin karo.

Duk inda kafso ya yi amfani a abin da muka lissafo, akwai inzayim guda sananne da ya ɓace, da abinci sananne da ke jiran sa. Babbar kasuwar kuwa tana wani wajen: kwalabe masu haɗin inzayim goma ko goma sha biyar, da fafen na gwanda da buromelen na abarba, ana tallata su ga kowa da kowa don ƙarin kuzari, rage ƙiba, wanke jiki, gyaran fata. Cinikin ya tsufa. Tun 1894 Bajafane Jokichi Takamine ya yi rajistar Taka-Diastase a Amurka, amiles da ya tace daga naman gwarin da Jafanawa ke tsima shinkafa da shi, aka sayar da shi a matsayin maganin rashin narkewar abinci. Amma hujjar da 'yan talla ke maimaitawa yau ta fito ne daga Edward Howell, wanda littafinsa na 1985 ya yi da'awar cewa an haifi mutum da ƙayyadadden rumbun inzayim, dafaffen abinci na cinye rumbun, idan ya ƙare sai tsufa da cuta. Wannan magana ba ta da tushe. Jiki yana ƙera sabon inzayim kowace rana daga abin da aka ci, kamar yadda yake yin miyau da hawaye. Inzayim ɗin da ke cikin ɗanyen ganye kuwa shi kansa furotin ne, tumbi yana narkar da mafi yawansa kamar kowane abinci. Ga kuma lissafin DiMagno: wanda ke da rarar ninki goma, me ɗan kafso zai ƙara masa? Gaskiya ne an yi wasu ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna sauƙin kumburi da nauyin ciki ga wasu masu yawan ɓacin ciki, kuma ban raina su ba, amma mutanen da aka gwada kaɗan ne, lokacin gajere, haɗe-haɗen kuma sun bambanta, ba za a gina alkawari a kansu ba.

Doka ce ta buɗe wa wannan kasuwa ƙofa. A 1994 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ware kayan ƙarin abinci daga magunguna, ta yadda kamfani zai sa kwalba a kasuwa ba tare da ya fara tabbatar wa hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, cewa tana aiki ba. Ko magungunan fankiriyas na asibiti sai a 2004 hukumar ta ce dole su nemi izini, bayan an ga ƙarfinsu na bambanta daga kwali zuwa kwali. Creon ya samu nasa a 2009. Idan na asibiti sun bukaci wannan tsawatarwa, ka ƙiyasta na kanti. A Najeriya ma za ka ga kwalabe da lambar NAFDAC, a gefe kuma an rubuta cewa hukumar ba ta tantance da'awar da ke jiki ba. Mutane na ganin lambar, ba sa karanta layin.

Wurare biyu ne alkawarin ke zama haɗari sosai. Na farko masu cutar siliyak, waɗanda furotin ɗin alkama ke ɓata wa hanji. Ana sayar musu da kafson da wai zai ba su damar cin burodi da taliya. A 2015 masana a Leiden ta ƙasar Holan suka gwada guda biyar daga cikin irin waɗannan, suka tarar ba su farfasa sassan furotin ɗin da ke tayar da cutar ba. Na biyu kansa. Tun 1906 wani masani a Edinbara, John Beard, ya yi hasashen tirifsin zai kashe kansa, ra'ayin kuma bai mutu ba. An gwada shi a Amurka a kan masu kansar fankiriyas su 55, aka buga sakamakon a 2010: waɗanda suka zaɓi maganin asibiti sun yi wata 14 a matsakaici, waɗanda suka zaɓi tsarin inzayim da abinci na musamman wata huɗu da 'yan kwanaki, kuma sun fi shan wahala a kwanakin nasu. Mai kansar fankiriyas na iya bukatar kafson don abinci ya zauna a jikinsa, wannan daban, kuma likitansa ne zai rubuta.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓata lokaci. Kumburin ciki a wajenmu yana da dalilai da yawa da ake warkarwa: tsutsar ciki, ƙwayar jiyadiya daga gurɓataccen ruwa, da helikobakta, ƙwayar da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna ita ce ke jawo mafi yawan gyambon ciki, aka ba su kyautar Nobel a 2005, kuma tana da yawa ƙwarai a ƙasashenmu. Wani lokacin dalilin bai wuce buɗa-baki ba, tumbin da ya wuni a rufe a cika shi da ƙosai da soyayyen dankali da lemon kwalba cikin minti goma. Wanda ke ramewa ba dalili, ko ya ga jini ko baƙin bayan gida, ko abinci na maƙale masa, ko yana yawan amai, ko idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ko ya haura shekara hamsin cikinsa ya canza hali, asibiti zai nufa a makon nan. Mai shan maganin tsinka jini irin wafarin kuma ya nisanci buromelen sai da izinin likita.

Na san wani tela a unguwarmu da ya yi kusan shekara biyu yana ramewa, wandunansa suna zame masa, yana rage ƙugunsu da kansa a kan kekensa. An ce sammu ne, an ce basir ne, wani ya sayar masa da kwalbar haɗin gwanda da abarba har sau huɗu. Kunya ta hana shi gaya wa kowa yadda bayan gidansa yake, har ranar da wata likita ta tambaye shi kai tsaye: "Malam, kana ganin maiƙo a saman ruwan?" Ya yi shiru, sannan ya ce tun bara. Hoton ciki ya nuna duwatsu a fankiriyas. Ta rubuta masa kafson na gaske, ta gaya masa asalinsa, ya je ya tambayi limaminsu, ya dawo ya fara sha. Kuɗin maganin na cin kusan rabin abin da yake samu a wata, kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba. Ƙaninsa ne ke aiko masa daga Kano. Yana ajiye kwalbar a aljihun rigarsa na gaba, nesa da zafin dutsen guga, idan yaron shago ya kawo tuwon rana sai ya ciro biyu ya ɗora a gefen kwano kafin ya wanke hannu.